Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi: Abin Da Ke Ran Yaron Da Ake Kira Mara Ji

Mai Girma Minista,

A kusan kowane ajin firamare na ƙasar nan akwai yara biyu ko uku waɗanda sunansu ba ya fita daga takardar masu surutu da monita ke miƙa wa malam. Su ne ba sa iya minti goma a kan benci ba su miƙe ba, su ne ke amsa tambaya tun malam bai rufe baki ba, su ne biro da littafinsu ke ɓata duk mako. A gida ana ce musu masu ƙiriniya, marasa ji, masu kunnen ƙashi. Wasunsu ƙuruciya ce kawai ke ɗibarsu, kuma za ta sake su. Wasu kuwa suna ɗauke da wata lalura ta ginuwar ƙwaƙwalwa wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ADHD, wato ƙarancin mayar da hankali, da yawan motsi, da garaje. Wannan wasiƙa a kan waɗannan na biyun take, musamman a kan abin da su da kansu ke ji a ransu. Iyaye da malamai da likitoci kowa ya tofa albarkacin bakinsa a kansu, amma da wuya a ga wanda ya durƙusa ya tambaye su, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lalurar ba sabon yayi ba ce. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa a kan abu ɗaya. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan game da yaran da basirarsu ƙalau take amma ba sa iya riƙe kansu. Sunan ADHD ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1987, kuma yana cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022. Ba a yanke wa yaro hukuncin yana da ita don ya yi ɓarna sau ɗaya ko sau goma. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a samu aƙalla alamomi 6 daga cikin 9 na rashin natsuwa, ko 6 daga cikin 9 na yawan motsi da garaje, sun kai wata 6 suna bayyana, sun faro tun kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna tauye karatun yaron ko zamansa da mutane. Takan zo da fuska uku: akwai wanda rashin natsuwa ya fi yawa gare shi, akwai wanda motsi da garaje suka rinjaya, akwai kuma wanda ya haɗa duka.

Manyan nazarce-nazarcen da suka tattara alƙaluman duniya sun sa yawanta tsakanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na yara. Na gida ma ba su yi nisa da haka ba. Binciken da Adewuya da Famuyiwa suka wallafa a 2007 a kan 'yan firamare a kudu maso yammacin Najeriya ya samu kashi 8.7 cikin ɗari. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 35 a firamare. Ko da an cika wannan ƙa'ida, lissafi na nuna yara biyu ko uku a kowane aji. A ajin da ke ɗauke da yara ɗari ko fiye, irin wanda ba baƙo ba ne a makarantun gwamnati na Arewa, adadin na iya kaiwa bakwai ko takwas, suna zaune a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, nesa da allo.

Game da musabbabi, gado ne ke da kaso mafi tsoka. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya ƙiyasta rabon gado da kusan kashi 74 cikin ɗari, shi ya sa sau da yawa uban da ke dukan ɗansa kan rashin zama shi ma haka aka yi fama da shi yana ƙarami. Haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi a lokacin haihuwa suna ƙara haɗarin, haka ma gubar dalma, wadda Najeriya ta ga aikinta a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan masu haƙar zinare, dubbai kuma suka rayu da ita a jininsu. Wani nazari na hoton ƙwaƙwalwa da Philip Shaw da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2007 ya nuna cewa ƙwaƙwalwar waɗannan yara tana bin hanyar girma irin ta kowa, sai dai tana makara da kusan shekara uku, kuma makarar ta fi yawa a sashen gaba, wanda ke da alhakin tsara aiki da taka wa zuciya birki. Ke nan yaro ɗan shekara 10 na iya zama da wayon ɗan shekara 10 amma da haƙurin ɗan shekara 7. Shan zaƙi ba ya haddasa ta. An gwada, ba a samu hujja ba. Rashin tarbiyya ma ba shi ne tushenta ba, ko da yake gida mai rikici na iya tsananta ta. A gidaje da dama akan fara da zargin shafar aljanu ko sammu. Addu'a ba ta taɓa hana neman magani ba, amma idan aka tsaya a zargi kaɗai, yaron kan tashi da tunanin cewa akwai wani mugun abu a cikin jikinsa.

Wannan tunani shi ne bakin zaren. Mafi shaharar aikin da aka yi na sauraren yaran da kansu shi ne wanda Farfesa Ilina Singh ta jagoranta, aka fitar da rahotonsa a 2012. An zauna da yara 151 'yan shekara 9 zuwa 14 a Birtaniya da Amurka, cikinsu akwai masu lalurar da ke shan magani, da waɗanda ba sa sha, da marasa ita don a kwatanta. Abin da ya fito shi ne yaran sun san daidai, sun san ba daidai ba, kuma suna son su zama na kirki. Matsalarsu ita ce ɗan tsakanin nan da ke raba tunani da aikatawa, wanda yawancin mutane ke da shi, su kuwa nasu gajere ne ƙwarai: kafin su ce za su tsaya, hannu ya riga ya kai. Binciken ya kuma nuna cewa muhalli ne ke zaɓar wa yaro irin damuwarsa. Na Amurka sun fi kukan maki da faɗuwa jarrabawa, wasu ma suna ɓoye lalurar kada a sani. Na Birtaniya sun fi kukan fushi da faɗa, da yadda 'yan ajinsu ke tsokanarsu da gangan don su ga sun harzuƙa. Da yawansu kuma sun ce in an je asibiti, auna nauyinsu da tsayinsu kawai ake yi, likita da iyaye su yi magana, su kuwa ba a ce musu uffan.

A ƙasar Hausa wannan shiru ya fi zurfi, domin kunya da ladabi sun hana yaro mayar da magana ga babba. In an tambaye shi me ya sa ya yi abu, amsar da aka yarda da ita ita ce ya sunkuyar da kai. A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 9 da mahaifiyarsa ta aika kanti ya sayo gishiri da magi da ashana, ya kuma biya gidan maƙwabta ya karɓo rariya. Ya fita da gudu yana maimaita saƙon a bakinsa. A bakin lungu ya tarar ana sauke buhuna daga a-kori-kura, ya tsaya kallo. Da ya isa kanti abu biyu kawai ya rage a kansa, ya sayo su, ya bar canji a kan teburin mai kanti, rariya kuwa sai da ya ga fuskar uwarsa ya tuna da ita. Ita abin da ta gani shi ne raini, domin jiya ma haka aka yi, shekaranjiya ma haka. Shi kuwa abin da ya ji shi ne faɗuwar gaba, da mamakin yadda abin ya sake kuɓuce masa bayan ya yi niyya da gaske. Ba shi da kalmar da zai bayyana wannan, sai ya ce ya manta, a ce masa ai bai manta da cin abinci ba.

Abin da ke ƙara ɗaure wa manya kai, ya kuma ƙara wa yaron laifi a idonsu, shi ne wannan yaron dai na iya shafe awa biyu a zaune yana haɗa motar langa-langa, ya yi mata tayoyi da sitiyari, ko kiransa aka yi ba zai ji ba. Sai a ce ashe yana iya natsuwa in ya ga dama. Masana sun san wannan hali sarai. Hankalin mai lalurar yana kamuwa da abin da ke da sabunta ko sha'awa ko sakamako nan take, yana kuma zamewa daga abin da ke da maimaici da jinkirin lada, kamar kwafar rubutu daga allo. Ba shi ke zaɓar inda hankalin zai sauka ba, kuma wannan rashin iko shi ne ainihin lalurar.

A makaranta abin ya fi muni, domin a gaban jama'a ake yi. Tsallen kwaɗo, kamun kunne, durƙuso a rana, bulala a tafin hannu, duk sun fi sauka a kan yaro ɗaya, kusan kullum. Binciken cin zarafin yara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma rabin yara na shan duka. Ba sai an yi dogon nazari ba a gane waɗanda rabonsu ya fi yawa. Bulala na iya zaunar da yaro na ɗan lokaci, amma ba ta ƙara wa ƙwaƙwalwa shekara ukun da ta makara, don haka gobe laifin zai dawo, hukuncin ya ƙaru. Daga nan yaro kan bi ɗaya daga hanya biyu. Wani ya karɓi sunan da aka ba shi, ya yarda shi daƙiƙi ne, ya daina ɗaga hannu. Wani kuma ya ga tunda duka ba makawa, gara ya zama jarumin aji, mai ba da dariya, mai tsaya wa malam. Wanda ake ce wa ya kangare a aji shida sau da yawa shi ne wanda ya yi ta kuka a aji biyu ba a kula ba.

Sai kuma ciwon da manya ba su cika gani ba, wato na abokai. A wani babban bincike na Amurka da Kanada da ya haɗa yara 579, an tambayi 'yan ajin wasu daga cikinsu wa suke so su yi wasa da shi, wa ba sa so. Kashi 52 cikin ɗari na masu lalurar sun faɗa rukunin waɗanda ake ƙi, alhali a sauran yara kashi 14 ne kawai. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa kallon filin wasa lokacin tara. Yaron ba ya jiran layinsa a langa, yana ƙwace ƙwallo, yana katse magana, yana saurin hawa, ko da yake yana saurin sauka. Minti biyar bayan faɗa shi ya manta, ya dawo yana dariya, su kuwa ba su manta ba. A unguwa iyaye kan gargaɗi 'ya'yansu kada su bi shi, sai kuma maganar ta dawo kan mahaifiyarsa, tunda ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Yaron yana jin duk wannan. Ya san shi ne dalilin da ake kawo ƙara gidansu, ya kuma san ana gwada shi da ƙanensa mai natsuwa.

'Yan mata labarinsu daban ne, kuma ya fi ɓoyuwa. A ƙididdiga ana samun maza kusan biyu a kan mace ɗaya, amma masana sun yarda cewa ana tsallake mata da yawa saboda tasu ta fi zuwa da fuskar rashin natsuwa ba tare da hayaniya ba. Yarinya na zaune shiru a bayan aji, idonta na kan allo, hankalinta na wani gari. Ba ta damun kowa, don haka ba wanda ya damu da ita. A gida kuwa ita ce ke ƙona girki, ta bar famfo a buɗe, ta fasa kwano, a ce mata sakarya, mai shiririta, a kuma yi mata gorin wane gidan miji ne zai iya da ita. Irin waɗannan sukan yi ta ƙoƙarin rufe gazawarsu har su gaji, kuma damuwa da fargaba sun fi kama su idan sun fara girma.

Yaron Bahaushe kan yi makaranta biyu ko uku a rana: boko da safe, Islamiyya da yamma, wani kuma da hadda bayan magariba. Ga mai wannan lalura, zama uku ke nan, da hukunci uku. Abin lura a nan, tsarin makarantar allo na gargajiya yana da abubuwan da suka dace da irinsa, ba tare da an yi niyya ba. Ana karatu da ƙarfi, jiki na rangaji, darasi gajere ne a kan allo, kuma ba a wanke wa yaro sai ya iya nasa, ba ruwansa da inda na kusa da shi ya kai. Motsi, da gajarta aiki, da tafiya daidai ƙarfin yaro, su ne dai abubuwan da masana ke ba malaman zamani shawara a kai. In da za a ajiye dorina, da akwai abin koyi a nan.

Ba duka ne baƙin ciki ba. Yaran da yawa suna son kuzarinsu, da ban dariyarsu, da rashin tsoronsu, da yadda dabara ke faɗo musu nan take. Abin da suke roƙo shi ne a taimaka musu su iya tsayawa in tsayawa ta kama. Nan ne batun magani ke shigowa. Tun 1937 likita Charles Bradley ya lura a Amurka cewa wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa yana natsar da irin waɗannan yara, kuma yau wanda aka fi amfani da shi shi ne metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin. Yawancin yaran da aka saurara a binciken Farfesa Singh sun ce maganin bai mayar da su wasu mutane daban ba, ya dai ba su damar yin tunani kafin su aikata. Suna kuma kukan illolinsa, musamman rashin cin abinci da wahalar barci. Ƙa'idojin likitoci a Birtaniya da Amurka sun ce ga ƙananan yara 'yan ƙasa da shekarun firamare a fara da horar da iyaye, kuma ko ga manyansu magani ba ya tafiya shi kaɗai sai da gyaran aji da gida. A Najeriya maganin yana cikin waɗanda doka ta tsaurara, yana da tsada, ba ya samuwa ko'ina. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba, masu ƙwarewa a kan yara kuwa 'yan tsiraru ne a cikinsu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai sassan asibitocin koyarwa, akwai cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Ibadan, amma yaron ƙauye ba zai taɓa taka ƙofarsu ba. Ma'aikacin gwamnati ɗaya tilo da zai gani kullum shi ne malamin aji. Wannan ne ya sa wasiƙar ta nufo ma'aikatarku.

Dole a yi hattara da ɗaya gefen. Ba kowane mai rawar kai ne ke da lalurar ba, kuma ba aikin malami ne ya yanke hukunci ba. Yunwa tana hana natsuwa, haka ma ƙarancin jini, da ƙarancin barci, da matsalar ido ko kunne, da wani nau'in farfaɗiya mai ɗauke hankali na 'yan daƙiƙu, da firgicin yaran da rikici ya raba da gidajensu. Yaron da ake koyar da shi da harshen da ba ya ji ma dole ya yi wasa a aji. Wanda ya fi kowa ƙanƙanta a ajinsu kuma an fi saurin liƙa masa lalurar, kamar yadda aka gani a ƙasashe da dama. Abin da ake so daga malami shi ne ya gane alama, ya sauya salo, ya san inda zai tura.

Dokokin da za a dogara da su suna nan: Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004, dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. Sai dai idan aka ce ilimi na musamman, abin da ke zuwa zuciya shi ne makafi da kurame da guragu, waɗanda lalurarsu ido ke gani. Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo da sassan ilimi na musamman na jami'o'i irin su Bayero da Jos ba za su iya samar da ƙwararre ga kowane aji ba, kuma ba a buƙatar haka. Abin da ake buƙata shi ne hukumar da ke kula da kwalejojin ilimi ta tabbatar duk mai riƙe da takardar NCE ya fita da sanin lalurar a aikace, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna kuma ta kai wannan sani ga waɗanda suka riga suka shiga aiki, cikin Hausa da sauran harsunan da malamai ke magana da iyaye da su. Yawancin dabarun ko sisi ba sa ci: a zaunar da yaron gaba kusa da malam, a ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a yanka masa aiki gunduwa-gunduwa, a halatta masa motsi ta hanyar sa shi goge allo ko raba littattafai, a yaba masa nan take in ya yi daidai, a kuma ja shi gefe in za a yi masa faɗa. Hukumomin jarrabawa su ba wanda likita ya tabbatar wa lalurar ƙarin lokaci. Ma'aikatarku da ta lafiya su shimfiɗa hanyar tura yaro daga makaranta zuwa asibitin matakin farko, tunda shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na mhGAP ya riga ya tanadi jagorar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba za su bi a kan matsalolin ɗabi'ar yara.

Ranku ya daɗe, kafin a naɗa kwamiti ko a rubuta wata sabuwar manufa, a sa jami'o'in ƙasar nan su yi irin binciken da Farfesa Singh ta jagoranta a Birtaniya da Amurka. A zauna da yaran a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Ibadan, maza da mata, na birni da na ƙauye, ba malam a tsaye a kansu, ba bulala a kan tebur, a tambaye su da harshensu yadda suke wuni a aji da abin da zai sauƙaƙa musu. Abin da suka faɗa shi za a sa a littafin horar da malamai.

Allah ya taya riƙo. Wassalam.